Fuskar da Baba Ya Sassaƙa

Ban san fuskar mahaifiyata a jikin mutum ba, a jikin itace na san ta. Ta rasu ba a daɗe da yaye ni ba, kuma ba ta bar hoto ko ɗaya ba, ko irin na taron biki da ake hango rabin kan mutum daga baya. Abin da ya rage mini kawai wata 'yar tsana ce da ba ta fi kamu ɗaya ba, wadda Baba ya sassaƙa da itacen rimi a shekarar da aka binne ta. Duk wanda ya san Mama, in ya ga 'yar tsanar nan sai ya yi shiru, wasu matan har su ja gefen zane su share ido. Da haka na gane Baba bai yi kuskure ba.

Baba kafinta ne a Sabon Gari. Shagonsa yana wani layi a bayan kasuwa, tsakanin wani Ibo mai rubuta allunan shaguna da fenti da wata Bayarabiya mai sayar da kwanuka. Bencin coci yake yi, da teburin mai shayi, da akwatin gawa in ta kama. Guntayen da suka rage kuwa ba ya yarda a kai su murhu, da su yake sassaƙa mutanensa. Ya ce yana yaro a ƙauyensu ya taɓa ganin wani mai dabo a kasuwa, ya shige ƙarƙashin babbar riga yana ɗago ƙananan mutane suna faɗa da juna, jama'a na dariya har da riƙe ciki. Abin ya zauna masa a rai. Da ya zama malamin makarantar Lahadi, ya ga yara suna gyangyaɗi a kan benci, sai ya tuna da mai dabon nan.

Faston lokacin bai so ba da farko, ya ce kada a cika masa coci da gumaka. Ranar da ya leƙo ya tarar yara sun yi tsit, har da nasa 'ya'yan da ba sa jin magana, sai ya koma da baya a hankali ya ja ƙofa. Daga nan aka saba. Kowace Kirsimeti da Ista Baba zai ɗaura gwado tsakanin sanduna biyu, ya durƙusa a baya, ya ɗaga mutanensa sama. Kowanne kansa a kan sanda yake, haɓarsa da zare, hannuwansa da wayar keke. Akwai makiyayi da tumakinsa. Akwai sarki mai ƙaton ciki, wanda kowa ya san da wane dattijon coci aka yi kamarsa amma ba mai faɗi. Akwai kuma jaki mai zaro harshe, wanda saboda shi yaran Ibo da na Yarabawa da ba su gama jin Hausa ba suke riga mu cika bencin gaba.

Ita Mama a matsayin matar bakin rijiya ta labarin Littafi Mai Tsarki take fitowa. Tana da wushirya, da ƙananan tsage a gefen baki waɗanda Baba ya yi mata da ƙusa mai zafi. Bai taɓa shafa mata fenti ba, man kaɗanya ya yi ta murza mata har itacen ya yi duhu yana sheƙi. Zanenta guntun saƙi ne rinin shuni, wanda Mama ta saƙa da hannunta, ta ɗaura har ya koɗe. A kanta akwai ɗan tulu na yumɓu da bai wuce ƙwan kaza ba, wata maginiya ce a Bomo ta gina wa Baba shi. In ta fito, Baba yakan sauke murya, ya yi magana a hankali yana jan ƙarshen kalma, kuma manya sun ce haka Mama take magana sak. Sauran yara labarin Littafi suke kallo, ni uwata nake saurare. Na sha kuka a wurin, malamai suna tsammani wa'azin ne ya shige ni, har ana nuna ni a ce wa yara su yi koyi.

Goggo, ƙanwar Baba, ita ta raine ni. Mace ce da talauci bai taɓa ba ta tsoro ba, kunya take tsoro. A gidanmu ba abin da ke ƙetare ƙofa sai ya bi ta hannunta. In za a aike ni sayen ashana a bakin layi, sai ta wanke mini fuska ta shafe ni da mai har ina ƙyalli kamar ƙosai. In maƙwabciya ta ara mana tukunya, ba za ta koma ba sai an dirje gindinta da toka da yashi, ta fi yadda ta zo haske. Akuyar da za a kai kasuwa ma sai an yi mata wanka. Ga shi ita ce uwar zumuntar mata a cocinmu, ita ke kaɗa babban tulu in suna waƙa, ita ke zaɓen atamfar anko duk shekara, kuma ba wadda ta isa ta shiga layi da ɗankwali a karkace.

Abu ɗaya ne ya gagare ta a gidan, mutanen Baba. Duk Kirsimeti sai ta tsaya a kansa yana fito da su daga akwatin ƙarfe, ta riƙe ƙugu.

"Yaya, mutanen nan naka fa sun koma tsumma. Ka bari in ɗinka masu ko 'yan riguna ne, jama'a na kallon mu."

"Bar su," in ji Baba, ko ɗagowa ba ya yi. "Ba biki za su ba."

Sai ta tafi tana ƙunƙuni, shi kuma in an gama wasa ya mayar da su ya sa kwaɗo. Haka suka yi ta yi har suka tsufa, ni ina yi musu dariya.

Na girma, na zama malamar firamare, na yi aure muka kama gida a Bomo. Amma duk abin da ya same ni, sai na hau mota na tafi Sabon Gari na karɓi makullin akwatin. Baba ba ya tambayata dalili, miƙo mini yake yi ya ci gaba da feran katakonsa. A gaban 'yar tsanar nan na faɗi sunan mutumin da zan aura tun kafin kowa ya ji. A gabanta na yi kukan cikin da ya zube mini. Na san itace ce, ba mahaukaciya ba ce ni. Amma in na ɗora babban yatsana a kan tsagen nan ina bin su, sai in ji ni ma 'yar wata ce.

Baba ya daina wasan ne da hannunsa ya fara rawa, zaren haɓa ya riƙa kuɓuce masa, sarki ya buɗe baki ya kasa rufewa. Yaran ma sun canja, kowa idonsa a kan wayar uwarsa. Ya rasu da damina, muka binne shi ana yayyafi. Sai da masu gaisuwa suka yi sauƙi na samu zuciyar buɗe akwatin. Gindin akwatin ya yi tsatsa ya huje, gara ta shiga. Ina ɗaga makiyayi ƙafarsa ta marmashe a hannuna. Na yi maza na ciro Mama, na juya ta, na ga wani lallausan gari yana zubowa daga ƙarƙashin wuyanta.

Na gudu da ita Bomo, sai na tarar can ma ba mafaka. Ɗakina in ruwa ya zauna bangon kansa gumi yake yi, takalmi ma fumfuna yake a ƙarƙashin gado. Na ɗiga mata kalanzir, na shanya ta, na naɗe ta da ganyen dalbejiya, duk abin da aka ce in yi na yi. Kowace safiya in na buɗe, sai in ga garin nan a kan ƙyallen. Wani abu yana cin uwata daga ciki, ni kuma ba na ganinsa balle in kashe shi.

Ana cikin haka wata mata ta zo mana gaisuwa a gidan Baba. A cocinmu ta tashi, ta ce a bencin bayana take zama lokacin wasan Baba. Yanzu tana aiki a wani ɗan gidan tarihi da ke cikin makaranta a Samaru, inda ake adana tukwane da saƙe-saƙe da kayan hannun mutanen da. Da na buɗe mata akwatin sai ta durƙusa a ƙasa da kayanta masu kyau, ta ɗauki jakin nan tana dariya tana hawaye.

"Anti, muna da maganin ƙwarin nan," ta ce. "Muna da ɗaki busasshe da akwatin gilas. In kin bar su a nan, nan da 'yan shekaru gari kawai za ki samu. Daga Bomo kuma ko da ƙafa kya zo ki gan su duk ranar da kika so."

Ta ciro wayarta za ta ɗauki hotonsu, sai ga Goggo ta faɗo tsakani ta baza zane ta rufe akwatin.

"A haka? Ina! Ba wanda zai ɗauki kayan yayana a haka ya je yana nuna wa duniya. In sun zo wajenku kya ɗauka."

Matar ta kalle ni, ni kuma na yi dariya na ce ta rabu da Goggo, haka take. Wayata lokacin ƙarama ce mai tocila, ba ta ɗaukar hoto, kuma ban taɓa jin ina bukatar hoton abin da nake iya riƙewa a hannu ba.

Ban amince nan take ba. Na yi ta juya maganar har na rame. Na so in ba da sauran in riƙe Mama, amma ai ita ce ma nake son a ceta. A ƙarshe na mayar da ita cikin akwatin, na aika wa matar cewa su zo su ɗauka in sun shirya. Kafin su shirya, babbar 'yata ta haihu a Jos, dole na tafi yi mata wankan jego. Da yammar ranar da zan tafi na biya ta Sabon Gari, na riƙe Mama na ɗan lokaci, na gaya mata ta yi tattaɓa kunne. Na ba Goggo makulli don ta buɗe wa masu ɗauka, na wuce tasha.

Sai bayan arba'in na dawo. Na tarar da Goggo tana ta walwala, irin wadda ban gani a fuskarta ba tun rasuwar Baba. Ta ce an kwashe kaya lafiya, matan zumunta sun raka su har bakin mota da waƙa. Ta ce sun ƙi zuwa kallo sai na dawo, don a tafi tare. Ta ma riga ta ɗinka mini ankon shekarar, wata atamfa ruwan ganye mai zanen kurciya da fitila. Ranar Asabar muka cika bas, mata suna ta waƙa daga Sabon Gari har Samaru, ɗalibai a bakin titi suna juyowa suna kallonmu.

Gidan tarihin ɗaki ne mai tsawo, mai sanyi, yana warin magani. Daga ƙofa manyan randuna ne a jere, da tuluna masu dogon wuya, da tukwanen da har yanzu baƙin hayaƙi yana gindinsu. Goggo ta tsaya a gaban ɗaya ta taɓe baki, ta ce a hankali, wace ƙazama ce ta ba da wannan ba ta wanke ba. A bango an rataye gwaduna da farin saƙi da tsofaffin zannuwa, wasu da ɗinkin faci, wasu gefensu ya zare, kowanne an shimfiɗa shi a hankali an haska masa fitila. Na tsaya a gaban wani baƙin saƙi da ya koɗe, raina ya yi sanyi, na ce lallai mutanen nan sun san darajar tsohon abu. Matar da ta karɓi kayan ta fito ta gaishe mu, amma ta ƙi haɗa ido da ni. Ban kawo komai a raina ba.

Akwatin gilas ɗin yana can ƙarshen ɗakin. Tun daga nesa na hango ruwan ganye, na ɗauka inuwar ankonmu ce gilas ya ɗauka. Da na matsa sai na ga ba inuwa ba ce. Mutanen Baba ne a tsaye, dukansu cikin atamfar kurciya da fitila. Makiyayi da riga da wando, sarki da babbar riga, jaki ma an yi masa ɗan mayafi a baya. Fuskokinsu duk iri ɗaya, fentin mai ruwan ƙasa mai ƙyalli, fararen idanu manya, jan baki. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina neman uwata, na kai ƙarshe na dawo ban gan ta ba. Sai ɗan tulun na gane, shi ma an shafe shi da ruwan azurfa. Wadda ke ɗauke da shi wata mata ce mai santsin kumatu da gira kamar ta allon shagon kitso, da goggoro a ka. Babu tsage, babu wushirya, an cike tsakanin haƙoran an shafa fari.

Matan zumunta suka ɗauki guɗa a bayana. Wata ta ce kai, kamar su yi magana. Ni kuwa na dafa gilas ɗin duk da an rubuta kada a taɓa. Na juya na fita waje, na zauna a gindin wani mangwaro. Can sai ga Goggo ta biyo ni tana jan ƙafa.

"Ke, lafiya? Jiri ne?"

"Goggo, ina zanen?"

"Wane zane? Tsumman nan? Ai duk ƙwari ne a ciki. Mun tattara mun ƙona."

"Fuskar fa?"

"Maƙwabcin babanki mai fenti ya gyara. Kyauta ma ya yi, ya ce shi ma nashi gaisuwan kenan."

Na ce, "Kin san zanen wane ne kika ƙona? Kin san fuskar wace ce?"

Goggo ta kalle ni kamar na zage ta. Ta zauna a kan saiwar mangwaron, ta gyara ɗankwali.

"Ni za ki tambaya? A gabana ta saƙa shi, ni na kaɗa mata zaren. Ke kin san abin da ya sa mamanki ba ta da hoto? Duk Kirsimeti mai hoto yana zuwa coci, duk Kirsimeti sai ta zame ta koma gida, ta ce sai shekaran da ta samu sabon zane. Babanki lokacin abin da za a ci ma da ƙyar. Har ta mutu ba ta ɗaura sabon atamfa ba, ni na wanke ta, na sani. Yanzu za a kai ta gaban manyan mutane, masu ilimi su zo su tsaya a kanta, sai in bar ta da tsumma, fuska duk datti? Ina raye? Na yi ta roƙon babanki ya ƙi. To na fitar da ita kunya, ko yau na mutu na yi."

Na so in yi ihu, na so in ce ta kashe mini uwa a karo na biyu, kuma har yau ina jin da na faɗa ba ƙarya na yi ba. Amma tsohuwar da ke gabana ta zauna ne da idanunta da ba sa gani sosai ta ɗinka wa matar yayanta zane da ɗankwali da allurar hannu. Na rufe fuska da ankon na yi kuka, ita kuma ta riƙa bubbuga bayana tana cewa ya isa, ta san daɗi ne ya yi mini yawa.

Bayan 'yan kwanaki na je wurin mai fentin. Ya tsufa ƙwarai, tabaransa an ɗaure ƙafarsa da zare. Yana ganina ya washe baki.

"A'a, 'yar Oga! Ka ga aikin? Papa naka ɗan'uwa na ne, dole in yi mashi mai kyau. Wancan mace ɗin ta ba ni wahala, katako duk ya fashe a baki, nan da nan. Na cika shi, na goge da samfefa sosai sosai, sai da ya yi sumul kafin na sa fenti."

Ya nuna mini a gefen bakinsa inda ya ce katakon ya fashe. Na tambaye shi ko yana iya tuna yadda fuskar take kafin ya goge. Ya yi tunani, ya ce baƙa ce dai, tsohon katako. Na yi masa godiya, don haka aka koya mini, na fito na tsaya a gaban tsohon shagon Baba, wanda yanzu wani ke cajin waya a ciki.

Matar gidan tarihin ta ba ni haƙuri har na ji kunya. Ta ce da ta ga kayan a bakin mota ta gane ɓarnar da aka yi, amma mata sun kewaye ta suna waƙa, ta kuma ɗauka da sanina aka yi. Ta ce ƙwarin dai sun mutu, itacen ba zai ƙara lalacewa ba. Fentin ana iya cire shi a hankali, amma abin da aka goge ya tafi, in an cire ma itace kawai za a tarar a shafe. Na ce ta bar shi yadda yake, kada Goggo ta ji.

Daga nan na kama zarya. In an tashi daga makaranta sai in wuce can, in tsaya a gaban gilas ina ƙura wa 'yar tsanar nan ido, ko zan hango tudun kunci ko faɗin goshin da na sani a ƙarƙashin fentin. Masu gadi har sun saba da ni, suna kawo mini kujera. Ban san ɓarna nake yi wa kaina ba sai wata rana ina tsaye a aji, na rufe ido don in tuna Mama kamar yadda na saba, sai jan bakin nan da fararen idanun suka zo. Na kore su, na sake rufewa, suka sake dawowa. Alli ya faɗi daga hannuna, yara suna tambaya ko ba ni da lafiya.

Da na gaya wa matar gidan tarihin, sai ta ce akwai wani malamin zane a makarantar, in aka kwatanta masa fuska yana iya fitar da ita a takarda. Ta ce in zo da duk wanda ya san Mama da rai. Na duba, duk sun tafi, Goggo kaɗai ta rage. Na ce wa Goggo hoton Mama nake so a zana in rataye a ɗaki, ta yi murna, ta sa ni na jira har ta canja kaya.

Malamin dattijo ne mai haƙuri, ya zaunar da mu a ofishinsa ya ɗauki fensir. Ya fara tambaya, fuskar doguwa ce ko zagayayya. Na ce doguwa, Goggo ta ce a'a, cikakkiya ce, rama ce ta sa ta yi tsawo daga baya. Ya ce hancin fa. Yatsana ya san hancin nan, amma bakina bai san shi ba. Ya ce tsagen nawa ne a kowane gefe, kuma sama suka nufa ko ƙasa. Na ce sama. Goggo ta ce ƙasa, sannan ta taɓa gefen bakinta, ta ce ko kuwa na uwarta ne take tunawa. Muka kalli juna. Wannan ne karo na farko da na ga tsoro a idon Goggo.

Malamin bai gaji ba. Yana zanawa yana gogewa, yana ɗagowa yana duban mu, mu kuma muna ta ƙara masa abin da ba mu da tabbas a kai. Da ya gama ya hure takardar ya miƙo. Mace ce mai wushirya da tsage a gefen baki, kuma da na gan ta na ji na san ta. Na miƙa wa Goggo, na ce ta duba da kyau.

Ta kai takardar kusa da ido, ta matsar da ita nesa, ta juya wajen taga. Ta daɗe tana kallo. Goggo ba ta iya ƙarya ba ko don a ji daɗi.

"Ba ita ba ce," ta ce. "Ke ce. Ke ya yi ta kallo ya zana, ya sa maki tsage. Ke kuwa babanki kika biyo, ko farcenta ba ki ɗauko ba."

Ta ajiye takardar a kan cinyarta. Sai ta kama hannuna ta riƙe gam.

"'Yar nan," ta ce, "ni ma na neme ta yanzu ban gan ta ba."

Malamin ya tambaya ko ya sake gwadawa. Na ce masa ya bari, ba mu da sauran abin da za mu gaya masa.